Yaron Nan Ya Tafi Dafo

Masu saurarenmu na 'Yankwashi da Karkarna da Kazaure da Roni da Gwiwa, har Ɓaɓura can bakin iyaka, ina yi muku gaisuwa ta musamman, domin zancen yau daga wajenku na ɗauko shi.

Bara waccan da kaka na je gaida wata goggona a wani ƙauye cikin ƙasar 'Yankwashi. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, rediyo a gefenta, 'yar ƙaramar waya a ƙulle a bakin zane. Da ganinta na san ta faɗa. Na ce, "Goggo, lafiya kuwa?" Ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan." Kun dai san halin iyayenmu, ɗan fari ba a kama sunansa, ba a kuma nuna an damu da shi a gaban mutane. Sai da muka yi sallar la'asar, yara suka watse, sannan ta matso ta rage murya ta ce, "Ke da kike aikin gidan rediyo, ko kin ji wani labari daga wajen su yaron nan? Yau Juma'a shida ke nan ban ji muryarsa ba."

Yaron nan da take faɗa, ɗanta ne na fari, an ɗauke shi aikin soja. Ita a zatonta, tun ranar da ya hau mota aka miƙa masa bindiga aka tura shi dajin Sambisa. Duk sanda aka karanta labarin kwanton ɓauna a Borno ko Zamfara, ranar ba ta cin tuwo. Alhali kuwa yaro yana nan Zariya, kansa ƙwal, ana koya masa yadda ake ɗaure igiyar takalmi. Na yi ta ba ta haƙuri, amma gaskiya ni kaina, da digirina da komai, ban san abin da ake yi a bayan ƙofar barikin nan ba. Shi ya sa da ya samu fas ya zo gida da Babbar Sallah, na tsare shi a zaure da littafina da biro, na ce yau sai ka faɗa mini komai tun daga asuba har dare, domin akwai iyaye mata da yawa irin Goggo.

Bari mu fara da wurin. Abin da mutane suke kira Dafo, makarantar horar da kuratan sojan ƙasa ce da ke Zariya, an kafa ta tun 1924, zamanin Turawa. Kurtu shi ne sabon shiga, wanda bai zama soja ba tukuna. Kada a rikita ta da makarantar hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, can ake yin shekaru a fito da anini a kafaɗa. Kada kuma a rikita ta da makarantar yara ta soja da ke nan Zariyar, wadda sakandare ce. Wanda ya fito daga Dafo farabiti ne, ba igiya ko ɗaya a hannunsa, daga nan ne zai fara hawa, las kofur, kofur, saje, in Allah ya yi tsawon rai har samanja. Horon wajen wata 6 ne. Ana ɗaukar matashi mai shekara 18 zuwa 22 da ya gama sakandare, mai sana'ar hannu kamar makanike ko tela ana ɗaga masa ƙafa zuwa 26. Kuma har da 'yan mata ake ɗauka, su ma suna yin nasu horon, tun 2018 ma aka kafa wa mata sojoji rundunarsu.

Na ce da shi, "To, ranar farko me aka yi muku?" Ya yi dariya ya shafa kai. Ya ce, "Yaya, aski." Ya ce duk wanda ya zo da gayunsa, mai tara suma da mai gyaran fuska, layi guda aka sa su, cikin 'yan mintoci kowa ya koma kamar ƙwarya. Aka zazzage jakar kowa a ƙasa. Waya, an karɓe. Kayan gida, an tattara. Aka ba kowa lamba, aka raba su kamfani-kamfani, aka ba su kaki da takalmi da kwanon cin abinci da butar ruwa. Ya ce daga ranar sunansa ya ɓata, in an kira lamba bai amsa da wuri ba, jikinsa ne zai gaya masa. Kin ji dalilin shirun da ya hana Goggo barci. Ba wani abu ne ya same shi ba, wayar ce ba ta hannunsa, kuma ko tana hannunsa ba shi da lokacin da zai danna ta.

Tashi kuwa, ya ce tun kafin kiran assalatu. Ana busa usur, kowa ya diro daga gado, ba a miƙa, ba a hamma. Cikin duhu za ka gyara shimfiɗa, ka sa kaya, ka fito fili a ƙidaya ku. In mutum ɗaya ya makara, duk ɗakin ne za su sha. Na ce, "Wannan ai zalunci ne, laifin wani ya shafi wani?" Ya ce shi ma da farko haka ya ɗauka, har sun kusa dambe da wani yaro mai nauyin barci. Daga baya suka gane ba mafita sai su riƙa tashinsa da kansu, wani ya ja ƙafa, wani ya miƙo masa takalmi. Ya ce, "Yaya, abin da ake so mu koya ke nan. A daji in na kusa da kai ya yi barci a bakin gadi, ba shi kaɗai zai mutu ba."

Daga nan sai gudu. Gudu da waƙa, ɗaruruwan mutane ƙafa ɗaya, har gari ya waye. Ya ce hunturun Zariya ba irin namu ba ne, sanyi yana shiga har ƙashi, ga ka da 'yar singileti da gajeren wando. A dawo a yi shara, a yanki ciyawa, a wanke banɗaki. Nan fa na tsaya na dube shi. Wannan yaron, a gida ko kwanon da ya ci tuwo ba ya ɗaukewa, ƙannensa mata ne ke yi masa wanki. Ya ce makon farko da aka ba shi tsintsiya bai ma san yadda ake riƙe ta ba, wani yaro daga Binuwai ne ya nuna masa yadda ake wanke kaki da yadda ake ɗinke maɓalli. Iyayena mata, a nan kam laifinmu ne. Mun raba aikin gida mun ce wannan na mace ne, sai yaro ya tafi inda ba ƙanwa ba uwa, ya zama abin dariya a kan allura da zare.

Abinci fa? Wannan ita ce tambayar da Goggo ta aiko ni da ita tun farko, ko yana ƙoshi. Ya ce ana ba su sau uku, shayi da burodi ko kunu da safe, wake, shinkafa, teba da miya. Matsalar ita ce lokaci da kuma yunwar da gudu ke kawowa. Ana ba ka 'yan mintoci, ko ka gama ko ba ka gama ba, in an busa usur ka miƙe. Ya koyi haɗiye abinci da zafinsa. Teba kuwa bai taɓa cin ta ba sai can, ranar farko ya ce kamar ya haɗiyi danƙo, kafin wata guda har suɗe kwano yake yi. Abin da ya fi kewa, in ji shi, furar gero mai yaji da nonon Fulanin ƙauyensu, da tuwon dawa miyar kuka da ya kwana aka ɗumama. Ya ce akwai daren da ya yi mafarkin ɗumame, ya farka yana tauna bakin bargo.

Tsakiyar rana ta fareti ce. Dama, hagu, juya, tsaya, ƙame. Sa'o'i a cikin rana ana abu ɗaya. Wanda ya ɗaga ƙafar da ba ita ba, sai tsallen kwaɗo, ko birgima a ƙasa, ko ya ɗaga hannu sama har kafaɗa ta mutu. Gwale-gwale ke nan da kuke ji. Ban ce muku duk abin da ake yi da sunan horo daidai ne ba, mai koyarwa ma ɗan Adam ne, akwai mai tausayi akwai mai wuce gona da iri. Amma shi ya ce mini wanda ya fi ba su wuya, wani kofur mai jan ido da ba ya dariya, shi ne ya goya wani kurtu da ya suma a hanya har inda motar asibiti take.

Sai an yi makonni kafin a ba su bindiga su riƙe, kuma ko an ba su ba harbi ake farawa da shi ba. Kwancewa da haɗawa, gogewa da sa mata mai, har sai mutum ya iya yi ido a rufe. Ana koya musu karatun taswira, da yadda ake ɗaure rauni a tsayar da jini, da rarrafe a ƙarƙashin waya mai ƙaya, da haura katanga, da dokokin soja, wa ake sara wa, me aka hana. Ranar da aka kai su filin harbi, ya ce da ƙarar farko ta tashi sai da cikinsa ya juya, wani na kusa da shi ma har ya jiƙa wando, kuma ba wanda ya yi masa dariya. Can wajen ƙarshe ake fita da su daji, kwana da kwanaki, tafiyar ƙasa da kaya a baya, barci a rami, ruwa a ƙididdige. Sojoji suna da filin horo a dajin Falgore da ke kudancin Jihar Kano, to irin waɗannan wurare. Ya ce a nan ne masu koyarwa suke daina wasa gaba ɗaya, domin yawancinsu sun yi Arewa maso Gabas sun dawo, sun binne abokansu, sun san inda za a tura yaran nan.

Domin kada mu manta, horon nan a lokacin yaƙi ake yin sa. Tun 2009 ake fama da Boko Haram. A 2013 aka kafa runduna ta 7 a Maiduguri saboda wannan yaƙi, a 2015 aka sa wa aikin suna Lafiya Dole, a 2021 aka mayar da shi Haɗin Kai. Ga kuma 'yan bindigar daji a Zamfara da Katsina da Sakkwato, nan maƙwabtanmu. Kurtu ya san wannan sarai. Ya ce da daddare bayan an kashe fitila, in gajiya ba ta kwashe mutum nan take ba, za ka ji ana raɗa, wane yayansa yana Baga, wane an kashe ƙanin babansa a Damboa. Wani kuma ka ji yana shessheƙa a cikin bargo, da safe ba mai tayar da zancen.

Na tambaye shi salla. Ya ce akwai masallaci da limamai na soja, akwai coci, Juma'a da Lahadi ana ba kowa hakkinsa. Sauran lokuta kuwa sai dabara, wani lokaci a makare, wani lokaci da takalmi a ƙafa da ƙura a goshi. Abokinsa na kusa Kirista ne daga Filato, shi ke riƙe masa bindiga in zai yi salla a daji. Yaron da bai taɓa wuce Kano ba, yau ga shi yana kwana gado ɗaya saman ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi. Wuyar da ya fi sha ma ta harshe ce. Turancin makarantar ƙauye daban, turancin buroka da ake yi a bariki daban. Ya ce sau da yawa ana ba da umarni sai ya saci kallon na gabansa ya kwaikwaya.

Wannan magana ta harshe ita ta tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Mijinta, wato kakana, yana cikin waɗanda aka ɗiba a yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945. A lokacin ƙasar Kazaure tana cikin Lardin Kano, kuma ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai Turawa suke neman mutane. Ta ce watanta 5 da tarewa aka yi shela, aka tara samari a ƙofar gidan dagaci, aka dubi masu ƙirji. A ƙasa suka tafi Kano, daga can jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Zariya. To a zamaninsu abin juye yake da na yanzu. Hausa ce harshen bariki, Baturen hafsa shi ke wahalar koyon ta, sojan da ya fito daga wata ƙabila shi ma dole ya koya, har aka samu wata gurguwar Hausa da ake kira Barikanci. Kalmomin nan da muke faɗa kullum ba mu lura ba, soja, kurtu, fareti, samanja, kofur, bariki, hafsa, duk daga bakin Turawan soja kakanninmu suka lanƙwaso su suka kawo mana gida.

Kakata ta ce abin da ya fi ba shi labari a kai shi ne takalmi. Mutumin da tun haihuwarsa ƙafarsa ba ta san komai ba sai ƙasa da fatar taki, aka ba shi wani ƙaton takalmi mai ƙusoshi. Ƙafa ta yi ta ɗurar ruwa, in sun samu sarari sai su cire su rataya a wuya. Albashinsa sule guda a rana. Wani abu daga ciki akan yanka a aiko wa iyali, ita kuma sai ta yi tafiyar yini ta je ta karɓa. Wasiƙa kuwa sau uku kacal ta samu a shekara huɗu, da ajami, wani malami a cikinsu ya rubuta masa, ita ma malamin unguwa ya karanta mata a gaban surukanta, don haka ba wata maganar da miji zai yi wa matarsa a ciki. Labarin yaƙi sai in wani ɗan boko ya zo da Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, a kewaye shi a gindin bishiya.

Shi yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943. Aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko, suka zagaya ta Afirka ta Kudu har Bombay ta ƙasar Indiya, daga can aka shiga da su dazuzzukan Bama, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Tambarin rundunarsu gizo-gizo ne. Ta ce da ya dawo da shi a kafaɗar riga yara suka yi ta bin sa suna ga mijin Ƙoƙi, kuma ba su yi kuskure sosai ba, domin daga gizon tatsuniyar mutanen Asante aka ɗauko tambarin, ɗan uwan namu Gizon. 'Yar uwarta, runduna ta 82, tambarinta masu biyu ne a gicciye a kan gammo. E, gammo dai da kika sani na ɗaukar tulu. Dalili kuwa, a dajin da mota ba ta shiga, dubban sojojinmu aikinsu ɗaukar kaya a ka ne, harsashi da abinci da magani, kakana ma da wannan ya fara. In kin taɓa jin sunan barikin Dalet a Kaduna, ko Dodan da Arakan da Myohaung a Ikko, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a Bama. Shi kansa barikin da Dafo take ciki a Zariya sunansa Chindit, sunan wata runduna ce ta musamman da bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Na tambayi ƙanen nawa ko ya san wannan, ya ce shi dai ya ga sunan a allo.

Kakana ya dawo da ransa, amma kakata ta ce shekara guda ba ya barci a ɗaki in ana ruwan sama da tsawa, kuma har ya rasu bai taɓa ba ta labarin abin da ya gani a Kaladan ba. Na takalmi da na jirgin ruwa kawai yake bayarwa.

A yaƙin basasa kuma, 1967 zuwa 1970, sojan Nijeriya ya tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000. Tsofaffin sojojin lokacin za su gaya miki horon wasunsu bai wuce 'yan makonni ba aka tura su fagen fama. Don haka uwar da take ganin wata 6 ya yi yawa, ta gode wa Allah da yawan nasa. Kowane mako da aka ƙara wa yaro a Zariya, wani abu ne ake ƙara masa da zai kare kansa da shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye, mu mata, domin akwai wuraren da ake cutarmu. Maƙwabciyar Goggo, ita ma ɗanta ya nema a shekarar. Wani mutum ya zo mata da babbar riga da ƙamshin turare, wai yana da hanya a sama, in ta kawo kuɗi sunan ɗanta zai fito. Ta sayar da awaki biyu da buhun riɗin da ta noma, ta ba shi. Suna bai fito ba, mutumin kuma wayarsa a kashe har yau. Ɗan Goggo ko sisi bai ba kowa ba. Fom ɗin shiga soja ta intanet ake cikewa kuma kyauta ne, hukumar soja da kanta take nanata haka duk lokacin ɗiba, abin da za ki kashe bai wuce na mai shagon kwamfuta da kuɗin mota zuwa wajen tantancewa ba. Can kuma takardu ake dubawa, a auna tsawo, a gwada gudu, likita ya duba jini da ido da sauran jiki. Yaron da yake shaye-shayen ƙwayoyi, ki fara yaƙi da wannan tun a gida kafin ki yi tunanin kaki.

Sai maganar layu. Goggo da kanta ta faɗa mini, ta ɗinke masa laya biyu a ƙugun wando, wani ya karɓi zakara da kuɗi ya ce maganin ƙarfe ne. Ranar zazzage jaka aka tsince su, aka watsa cikin tarin na sauran, domin ba shi kaɗai ba ne, ya ce tarin ya kai gwiwa, na Musulmi da na Kirista. Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu za su ji haushina, yaron da ya yarda harsashi ba ya huda shi, shi ne zai miƙe tsaye a inda aka ce ya kwanta. Ki yi masa addu'a, ki tashi cikin dare ki kai kukanki ga Allah, ki yi sadaka. Kuɗin zakaran kuma ki saya masa man zafi da safa masu kauri.

Abu na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, kuma ba a son faɗarsa saboda kamar fatan tsiya ne. Akwai takardar da kowane soja yake cikewa, ya rubuta sunan wanda za a nema in wani abu ya same shi, wanda kuma hakkokinsa za su bi ta hannunsa. Na ce da ƙanen nawa, "Wa ka rubuta?" Ya sunkuyar da kai ya ce baffansa. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa tana raye, ita ta sayar da ƙuli-ƙuli ta biya masa kuɗin jarrabawa, amma kunya ta hana shi rubuta sunanta, wai kada a ce ya fifita mace a kan mazan gidan. Baffan nasa mutumin kirki ne, ban ce komai a kansa ba. Amma ba kowane baffa ne haka ba, kuma mu a nan gidan rediyo mun sha karɓar matan sojoji da iyayensu mata suna kuka, an biya hakki ya tsaya a hannun wani, marayu ba su ga ko kwabo ba. Rabon gado yana nan yadda shari'a ta tsara, wannan takarda ba ta soke shi, sai dai ita ce take nuna ƙofar da kuɗin zai shigo. Don haka a zauna a yi maganar tun yaro yana gida. Uwa ta san lambar aikinsa, a rubuta mata a ajiye a cikin adaka ko da ba ta karatu, ta san sunan rundunar da yake. In ya yi aure, kuma ku sani sabon soja sai ya yi wasu shekaru yana aiki ya nemi izini kafin ya yi, to ya koma ya gyara takardar. Budurwar da take jiran kurtu ita ma a gaya mata gaskiya, jiran ba na wata 6 ba ne.

Ranar yaye su Goggo ta je Zariya, zuwanta na farko ke nan. Ƙanenta ya raka ta, suka kwana a hanya, ta riƙo ƙullin dambun nama da fura a jug. Ta ce da aka fito da su fili, dubban yara kaya iri ɗaya, kai iri ɗaya, duk sun yi baƙi sun rame, ta duba ta duba ba ta gane nata ba, har ta fara zargin ko ba ya ciki. Ana buga badujala, ƙasa tana girgiza, mata suna guɗa, ita kuwa tana ta salati. Sai bayan an tashi wani dogo ya ratso taro ya tsaya a gabanta ya ƙame ya sara mata, sannan ya cire hula ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, ina wuni." Ƙanen nata ya ce kawar da kai ta yi, ta dubi wani wajen, ta ce, "An gama lafiya? To madalla." Ta tura masa jug ɗin furar da ƙafa. Ya shanye a tsugune bai ɗago ba.

Ba a jima ba takardar rabon wuraren aiki ta fito, aka tura shi Arewa maso Gabas. Yana can yanzu haka, ya koma bayan Sallah. Inda yake ba kullum ake samun sabis ba, wani lokaci mako biyu, wani lokaci uku, sai ya hau wani tudu ya kira na minti biyu. Takardar nan ya ce mini ya gyara ta. Wayar Goggo tana nan a ƙulle a bakin zane, kullum da yamma takan aiki yaro ya kai ta caji shagon bakin kasuwa, ta ce ya tsaya a wajen har ta cika, kada a kira ba kowa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu shiga bariki mu zauna da matan sojoji, mu ji yadda ake riƙon gida da yara in maigida ya yi shekara a daji. Uwar da take da ɗa ko 'ya a Dafo a yanzu, ko wadda aka taɓa karɓar wa kuɗi da sunan samar wa ɗanta kaki, ta aiko mana da saƙo, ba za mu faɗi sunanta ba. Allah ya tsare mana su, ya dawo da su lafiya.